Tarihin Wuƙar Da Aka Ce Ba Ta Yanka

Yau za mu ɗan jingine labari, mu leƙa tarihin wani ƙaramin abu da ke kwance a aljihun mutane da yawa, wato 'yar wuƙar nan mai naɗewa, fara tas, wadda ko ta kwana a jiƙe ba ta tashi da tsatsa. Akwai maganar da ta daɗe tana bin ta, wai ga ƙyalli amma ba kaifi, ko an wasa ta ba ta jin wasawa. Wannan magana ta haura shekara 100 a duniya, kuma an san garin da aka haife ta.

Garin shi ne Sheffield ta ƙasar Ingila, inda ƙirar wuƙa ta zama gado tun kaka da kakanni. A nan aka haifi Harry Brearley a 1871, ɗan talakawa, wanda ya bar makaranta yana ɗan shekara 12, har ya taɓa yin aikin wanke kwalabe a ɗakin gwaje-gwajen wani kamfanin ƙarfe. Da tafiya ta yi tafiya sai ga shi ya zama shugaban ɗakin bincike na Brown Firth. Ba ma wuƙa yake nema ba. Aikin da aka ba shi shi ne ya samo ƙarfen da zai jure zafin harbi, domin cikin bututun bindiga yana saurin zaizayewa. Ranar 13 ga Agusta, 1913 ya narka wani haɗi mai sinadarin kuromiyam kashi 12.8 cikin 100 da kabon kashi 0.24. Kafin a duba ƙarfe a madubin ƙara girma, sai an shafa masa ruwan asid ya ɗan ci fuskarsa. To wannan ƙarfe sai ya ƙi ciwuwa. Ɗan Sheffield kuwa in ya ga haka, ai wuƙa ce za ta fara faɗo masa a rai.

Ba shi kaɗai ya bi wannan hanya ba. Tun 1821 wani Bafaranshe, Pierre Berthier, ya lura da halin ƙarfe mai kuromiyam, kamfanin Krupp na Jamus kuma ya yi rajistar nasa haɗin a 1912. Amma Brearley ne ya kai abin maƙera. Manyansa a kamfani ba su ɗauki zancen da muhimmanci ba, sai ya nufi wurin Ernest Stuart na kamfanin R. F. Mosley, a masana'antar Portland Works, wanda ya gwada ruwan wuƙar da binega ya ga ko tabo bai fito ba. Rigima kan haƙƙin mallaka ta sa Brearley ya bar Brown Firth a 1915. Abin da ya fi wannan ciwo, mutanen gari suka laƙaba masa sunan wanda ya ƙirƙiro wuƙar da ba ta yanka.

Kuma gaskiya a lokacin ba sharri suka yi masa ba. Abin da ke ba wuƙa tauri shi ne kabon, sannan da yadda aka gasa ta aka tsoma ta cikin ruwa ko mai. Baƙin ƙarfen da maƙeran suka saba da shi, zafin digiri 800 ko kusa da haka ya ishe shi, kuma da ido suke gane ya kai, ta launin jan da ya yi. Sabon ƙarfen kuwa sai ya haura digiri 1,000. Suka yi masa irin gashin da suka gada, ya fito da laushi, baki na tanƙwarewa da an ɗan yi aiki. Ga shi kabon ɗinsa kaɗan ne, alhali na wuƙaƙen da aka sani yakan doshi kashi 1. In an ce a ƙara kabon, nan ma wata sabuwa: sai ya haɗe da kuromiyam su dunƙule su zama ƙwayoyi masu tauri kamar tsakuwa a cikin tuwo, su janye kuromiyam ɗin da ke kare ƙarfen daga tsatsa, in an wasa baki ya yi siriri kuma su riƙa ɓantarewa. Gaba kura, baya sayaki.

Mutanen Siwizalan ma sun nuna cewa gyaran yana wurin wuta. Kamfanin Karl Elsener da ke Ibach, wanda ya fara yi wa sojojin ƙasar wuƙar aljihu a 1891, ya rungumi sabon ƙarfen har ya sa shi cikin sunansa a 1921: Victoria sunan mahaifiyar Elsener, “inox” kuma yadda Faransawa ke kiran ƙarfen, aka sami Victorinox. A 1931 suka kafa murhun lantarki mai auna zafi daidai, ido ya huta. Opinel na Faransa kuwa bai yarda ba sai 1986, har yau ma yana sayar da iri biyun, mai so ya zaɓa. A Amurka wuƙar Buck 110 da ta fito a 1964 ta yi tauri ƙwarai, har ta riƙa gagarar dutsen wasa na gida, sai tsohuwar maganar ta sake samun gindin zama.

A ganina gardamar ta mutu tun 1962, shekarar da Wilkinson Sword ya baza rezar aski ta ƙarfen da ba ya tsatsa, har Gillette ya bi sahu ba shiri. Ƙarfen da ke aske gemu, likita kuma ya yi tiyata da shi, wa zai ce ba ya ɗaukar kaifi?

To a aikin yau da kullum fa? Wuƙar kirki in an wasa ta a karkace kamar digiri 15 zuwa 20 kowane gefe, za ta aske gashin hannu, ta tsaga takarda ba gargada. Taurin ta Victorinox wajen 56 ne a ma'aunin Rockwell, wato tsaka-tsaki, don haka ba ta daɗewa ƙwarai da wannan kaifin na farko. Ba tuffa ko zare ke dakusar da ita ba. Kwali ne, da igiyar da ta sha ƙasa, da ƙashi, da yanka a kan farantin tangaran. Sai dai bakinta lanƙwashewa yake yi, ba karyewa ba, gugar minti biyu a dutse, ko ma a gindin kofin tangaran, ta dawo da shi. Inda mutane ke faɗuwa shi ne ɗan siririn leɓen da wasawa ke bari a baki. Na baƙin ƙarfe yakan fita da sauƙi, na wannan kuwa naci gare shi, ka tura shi nan ya koma can. Sai an goga a fata, yadda wanzami ke yi wa askarsa, kafin ya rabu. Wanda bai san haka ba sai ya zagi ƙarfen. Sauran laifin kuma na wuƙaƙen araha ne marasa suna, masu kaurin baki da ƙarancin kabon, waɗanda har gobe ake yi musu gashin ganin dama.

Matsalar ƙwayoyin nan ma an shawo kanta. Daga 1970 kamfanin Crucible na Amurka ya fara yin ƙarfe daga gari, ana fesa narkakken ƙarfe ya daskare ƙanana-ƙanana sannan a matse shi, ƙwayoyin su fito mitsi-mitsi. Ta haka aka sami S30V a 2001, da MagnaCut na Larrin Thomas a 2021. Waɗannan ba su fi sauran kaifi a ranar farko ba, daɗewa kawai suke yi, ga tsada, kuma ranar da suka dakushe sai ka nemo mawashi mai garin daimon. Ni dai a aljihu na fi son wadda kowane dutse zai iya yi mata magana.

Brearley ya rasu a 1948. Ginin Portland Works kuwa yana nan, jama'a sun haɗa kuɗi sun saye shi a 2013, kuma har yanzu ana ƙera wuƙa a cikinsa.