Gadin Ciwon Dajin Wuya: Daga Yatsan Likita Zuwa Na'urar PET

A zamanin kakanni, wuyan mutumin Rawayya ta Zamfara a hannun wanzami yake. Shi ke cire beli, shi ke tsaga kumburi, shi ke ɗora ƙaho. In kaluluwa ta ƙi sacewa, sai a ce daji ne, a bazama neman saiwoyi. Likitan Turai na wancan lokaci ma bai fi shi kayan aiki sosai ba: yatsunsa ne, sai ɗan madubi irin wanda Manuel García, malamin waƙa ɗan Sifaniya, ya leƙa maƙogwaronsa da shi a 1854.

Babban ciwon kan likitoci yana zuwa ne bayan magani. Wuyan da aka yi wa tiyata ko gashin na'ura kan ƙandare kamar busasshiyar fata, har yatsa ya kasa bambance tabo da ƙarin da ya sake tsirowa. Ga shi kuma yawancin masu dawowa cikin shekara biyu zuwa uku na farko suke dawowa.

Hoton da Wilhelm Röntgen ya gano a 1895 ƙashi ya fi nunawa, tsoka kuwa sai inuwa. A 1971 ne na'urar CT ta Godfrey Hounsfield ta ɗauki majinyacin farko a Landan, tana fito da jiki yanka-yanka. Ta iso asibitin koyarwa na Ibadan a 1987. Daga baya MRI ta zo, wadda ta fi gani a bayan hanci da gindin ƙoƙon kai.

PET ita ce ta zo da dabara. Ƙwayar daji mayunwaciyar sukari ce, don haka sai a yi wa mutum allurar sukari mai fitar da haske, duk inda aka wawushe shi ya haskaka a hoto. Sai dai naman da ya sha gashi shi ma yana shan sukari yayin warkewa, shi ya sa ake jiran kamar mako 12 kafin a ɗauka, kada a tayar da hankalin iyali a banza. A 2016, binciken da Hisham Mehanna na Jami'ar Birmingham ya jagoranta kan majinyata 564 ya nuna amfaninta: a rukunin da aka bi da hoto, mutum 54 kaɗai aka yi wa fiɗar wuya, a ɗaya rukunin, wanda aka tsara wa fiɗa tun farko, 221, kuma yawan waɗanda suka rayu kusan ɗaya ne.

A Zamfara, labarin ya fi zama na hanya. Wanda aka gano masa ciwon a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, gashi sai ya bi ta Bunguɗu da Talatar Mafara zuwa asibitin koyarwa na Sakkwato, ko ta Tsafe da Funtuwa zuwa na Shika. PET kuwa a Legas ta fara aiki a ƙasar nan, kuma allurar tata ba ta jure doguwar tafiya a mota: duk minti 110 rabin ƙarfinta ke tafiya. Likitocin Arewa sun fi dogara da yatsa, da siririyar kyamara ta hanci, da sikanin wuya, da CT.

Wannan bai kai munin da ake zato ba. Har yau ba a tabbatar cewa yawan ɗaukar hoto ga wanda ba ya jin komai na ƙara tsawon rai ba. Abin da ƙa'idojin likitoci suka fi nanatawa shi ne hoto guda cikin wata 6 na farko, wanda za a riƙa gwada na gaba da shi, sannan ganin likita duk wata 1 zuwa 3 a shekarar farko. Ga manomin Rawayya, wasu ranakun nan tsakiyar damina suke faɗawa, bayan an sayar da akuyoyi an biya kuɗin gashi, ga kuma fargabar 'yan bindiga a hanyar Gusau zuwa Funtuwa.