Unguwannin Baƙi a Tsohon Birnin Kano

Sunayen wasu unguwannin cikin ganuwar Kano na ɗauke da tarihin fataucin da ya haɗa birnin da gaɓar Bahar Rum. A Dandalin Turawa, kusa da Kasuwar Kurmi wadda aka kafa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499), fataken Larabawa daga Ghadames da Tarabulus suka zauna, domin a wancan lokaci su ake kira Turawa. Alfindiki kuwa daga kalmar Larabci mai nufin masauki ta samo sunanta. Haka Agadasawa, Zangon Barebari da Tudun Nufawa, kowacce tana nuna asalin mutanenta. Yayin da siminti ke maye gurbin ginin ƙasa a lungunan nan, sunayen ne shaidar da ta fi ɗorewa.