Rajista Biyu, Ƙwaƙwalwa Ɗaya

Tun shekarar 1972, sa'ad da kamfanin IBM ya fito da tsarin VM/370, masana suka san wuyar saukar da kwamfutar kwaikwayo a cikin ta gaskiya. Baƙuwar tana da rajistarta mai nuna inda kowane shafin ƙwaƙwalwa yake, mai masaukinta ma haka. Lamarin ya yi kama da zamanin En'e, lokacin da hakimin Zurmi ke riƙe da rajistar haraji, baitulmalin Sakkwato kuma da tasa. In mutum ya ƙaura aka gyara ɗaya aka bar ɗaya, sai a bi gidan wani da bashin da ba nasa ba.

KVM, wanda Avi Kivity ya ƙirƙiro, ya shiga zuciyar tsarin Linux a 2007 da wannan rauni. Don gudun saɓani sai aka riƙa kafe shafukan da baƙuwa ke aiki da su, mai masauki ba ta iya kwashe su zuwa faifai ko da wuri ya ƙure mata. A 2008 aka karɓi gyaran Andrea Arcangeli, watau wani irin sanƙira: kafin a mayar da shafi hannun wani, wajibi ne a sanar da KVM ya soke nasa rubutun. Shelar nan kuwa in ta makara, baƙuwa tana iya karanta asirin maƙwabciyarta, ko ta yi rubutu a kansa.