Yadda Aka Sami Likitocin Masu Jarabar Maye

A zamanin da, in mutum ya faɗa jarabar giya ko wani abin maye, ba wurin likita ake kai shi ba. Ko dai a gurfanar da shi gaban alƙali, ko a kulle shi gidan mahaukata. Jama'a sun ɗauka taurin kai ne kawai, in ya so bari zai bari. An daɗe kafin a gane cuta ce, an kuma ƙara daɗewa kafin a koya wa likita maganinta.

Cikin shekarar 1784 wani likita na birnin Filadelfiya ta Amurka, wai shi Benjamin Rush, ya buga ɗan littafi inda ya nuna cewa wanda barasa ta kama har ya kasa bari marar lafiya ne. A 1804 Thomas Trotter, likitan jiragen ruwan yaƙi na Ingila, ya faɗi haka shi ma. A 1884 kuwa likitoci suka kafa jam'iyya a Landan don binciken wannan cuta. Amma duk da haka ba a sa ta sosai cikin karatun likita ba. Yaro ya gama makaranta ya san ɗauri da fiɗa, bai san yadda zai yi da mashayi ba.

Sa'an nan sai doka ta ƙara ɓata al'amari a Amurka. A 1914 aka yi wata doka a kan sayar da ofiyam, watau wani magani mai kashe zafin ciwo wanda kan kama jiki, da kuma hodar iblis. Alƙalai suka fassara ta cewa likitan da ke ba mai jaraba ɗan abin da zai riƙe shi ba magani yake yi ba, laifi ne. Aka gurfanar da likitoci masu yawa, aka rufe ɗakunan shan maganin da aka buɗe wa irin waɗannan mutane. To, wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Likitoci suka janye jiki, ƙananan da ke tasowa suka rasa malami. Ingila ba ta bi wannan hanya ba. A 1926 wani kwamiti a ƙarƙashin Sir Humphry Rolleston ya yanke cewa jaraba cuta ce, likita kuwa yana da ikon ba da magani yadda ya ga ya dace.

Daga baya ilmin ya sake tsiro a Amurka. A 1935 gwamnati ta buɗe wani babban gida a Lexington, rabi asibiti rabi kurkuku, inda samarin likitoci suka ga cutar da idonsu. Cikinsu akwai wata mace, Marie Nyswander, wadda a 1964 ta haɗu da Vincent Dole a Niyok suka fara ba da maganin nan metadon, mai kwantar da kwaɗayin ofiyam har mutum ya koma sana'arsa. Tun a 1943 kuma Jami'ar Yale ta soma tara likitoci da limaman kirista da ma'aikatan jin daɗin jama'a kowace shekara don koyon sha'anin giya.

Watakila mai karatu ya ce, me ya sa sai an yi karatu na musamman? Ga dalili. Wanda ya daɗe yana shan giya da yawa, in aka raba shi da ita farat ɗaya, yana iya kama jijjiga da ruɗewa har ya mutu. Wanda ya bar ofiyam na 'yan makonni, in ya koma ya sha gwargwadon da ya saba, numfashinsa kan tsaya, gama jikin ya manta da shi. Likitan da bai san wannan ba sai ya kashe mutum da kyakkyawar niyya. Kuma magani kaɗai ba ya isa, sai da masana halayyar ɗan Adam. Ɗaya daga cikinsu, William Miller, ya bayyana wata dabara a 1983: maimakon a yi wa mashayi faɗa, sai a riƙa tambayarsa cikin natsuwa har shi da bakinsa ya faɗi abin da ya sa yake son bari. Wannan ma sai an koya.

Kowace ƙasa ta bi tata hanya. Tarayyar Sobiyat ta ware wannan fanni da likitocinsa a 1975. Amurka ta fara da likitocin ƙwaƙwalwa a 1991, sai a 2016 aka buɗe wa sauran likitoci ƙofa sosai. Holan ta soma kwas na shekara biyu a 2007 a birnin Nijmegen. A 2012 Nowe ta yanke shawarar mai da shi cikakken fanni mai zaman kansa, daidai da fiɗa ko ciwon yara. Duba fa, tsakanin littafin Rush da wannan shawara shekara 228 ke nan.

A Nijeriya, asibitin Aro da ke Abekuta ya buɗe sashen masu jarabar maye a 1983. Wani bincike na 2018 kuwa ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3, 'yan shekara 15 zuwa 64, sun taɓa kayan maye cikin shekara guda, ban da giya da taba. Ba dukansu ne jaraba ta kama ba, amma waɗanda ta kama 'ya'yanmu ne da maƙwabtanmu. In ɗayansu ya kasa bari, kada a gaggauta ɗaure shi da mari. A nemi wanda ya koyi aikin, gama mun ga abin da ya sami ƙasar da ta kori likita daga wurin marar lafiya.