Kabon a hanyar iskar injin mota: abin da ke kawo shi, alamominsa da yadda ake wanke shi

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, duk mai mota ya koma lissafin lita. To akwai wata matsala da ke sa mota shan mai ba gaira ba dalili, wato kabon da ke taruwa a hanyar da iska ke bi ta shiga inji. Ga bayaninsa dalla-dalla, don in ka je gareji ka san abin da ake gaya maka.

Mene ne kabon ɗin?

Baƙar dauɗa ce irin kunkunniyar ɗakin girki, ta haɗu da maiƙo ta daskare. Inji shaƙar iska yake kamar mutum. Iskar tana bi ta iyakilina, ta wuce sensar da ke auna ta, ta shiga totur bodi mai ɗan faifai da ke buɗewa in ka taka totur, ta rarrabu a manifol, sannan ta wuce bawul ta faɗa silinda. Duk inda dauɗa ta tsuke a hanyar nan, inji ba zai samu iska daidai ba.

Daga ina yake zuwa?

Na farko tururin baƙin mai. Akwai wani ɗan bawul da ake kira PCV, aikinsa ya kwaso tururin da ke taruwa a cikin inji ya mayar manifol a ƙone shi. Tururin nan da maiƙo yake tafe, yana shafar bango yana mannewa.

Na biyu hayaƙin salansa. Motoci da yawa, musamman masu shan dizal, suna da bawul ɗin EGR mai dawo da kaɗan daga hayaƙi cikin inji don rage zafin ƙuna. In baƙin hayaƙin ya gamu da maiƙon can sai su zama kamar kwalta.

Na uku yanayin tuƙi. Motar da kullum tana gosulo a hanyar Ikorodu ko Apapa, ta daɗe a silo, ko ba ta wuce gida zuwa kasuwa, ta fi saurin tara shi. Haka wadda ringinta ya ci tana shan baƙin mai.

Wace mota ta fi fama da shi?

A nan ne mutane ke asarar kuɗi, don injin fetur iri biyu ne. Akwai wanda injekta ke fesa mai a bayan bawul, kamar Corolla 2003 zuwa 2008, Camry 2007 zuwa 2011, da Honda Accord 2003 zuwa 2007. A irin waɗannan fetur da kansa yana wanke bawul, yawanci totur bodi ne kawai ke dauɗa.

Akwai kuma wanda ke fesa mai kai tsaye cikin silinda. Za ka ga an rubuta GDI a Hyundai Sonata da Kia Optima na 2011 zuwa sama, FSI ko TSI a Volkswagen, EcoBoost a Ford. Lexus IS250 ma tana cikinsu. A nan fetur ba ya taɓa bayan bawul sam, sai kabon ya yi ta hawa har ya yi tauri. Ma'ana, maganin da ake zubawa a tanki ba zai kai wurin ba, ko kwalba goma ka zuba. Toyota ta haɗa hanyoyin biyu a wasu injina, kamar Camry 2018 zuwa sama, don rage wannan matsalar.

Alamomi

Mota tana karkarwa a silo, musamman da safe.
Tana mutuwa in ka ɗaga ƙafa daga totur ko ka kunna esi.
Ka taka totur ta yi jinkiri kafin ta amsa.
Ƙarfi ya ragu a hawa, shan mai ya ƙaru.
Wutar cek injin ta kama.

Amma a kula, mataccen fulogi, kwayil, famfon mai mai rauni, ko tiyon iska da ya tsage duk suna ba da irin alamomin nan. Saboda haka a fara sa kwamfuta. Lambar P0300 tana nufin inji yana tsallake wuta, P0171 iska ta fi mai yawa, P0401 hayaƙin EGR ba ya wucewa sosai, P0507 silo ya yi sama. Lambar hanya kawai take nunawa, sai an buɗe an gani da ido.

Wanke totur bodi

Wannan mai ɗan sani zai iya yi a gida. Kayan aiki: gwangwanin feshin totur bodi, tsumma mai tsabta, tsohon buroshin haƙori, da sukudireba.

1. Kashe mota, zare makulli, bari inji ya huce.
2. Kwance babban tiyon da ya taso daga iyakilina.
3. Fesa maganin a jikin tsumma, ka goge bakin da gefen faifan. Kar ka cika ramin da ruwan magani.
4. In totur ɗin na waya ne, buɗe faifan da hannu ba komai. In na lantarki ne, a hankali, kar ka banƙare shi, kuma kar wani ya kunna makulli yatsanka na ciki.
5. Bari ya bushe, mayar da tiyo, ɗaure kilif sosai.

Bayan wanki silo yakan hau sama, don kwamfutar motar ta saba da dauɗar. Wasu motocin suna daidaita kansu bayan ɗan tuƙi, wasu kamar Nissan sai an sake saita silon. Sensar iska kuwa tana da nata feshin daban, siririyar wayar cikinta ba a taɓa ta da hannu ko buroshi.

Wanke EGR, manifol da bawul

Wannan aikin makanike ne. Ana kwance EGR da manifol a kankare a wanke a waje, a mayar da sabon gasket. Bawul ɗin motocin GDI kuma sai an cire manifol, a juya inji har bawul ɗin silindar da za a wanke ya rufe ruf, sannan a jiƙa da magani a kankare, ko a yi feshin niƙaƙƙen ɓawon walnot da iska mai ƙarfi ana zuƙe tarkacen. Ɓawon yana cire kabon ba ya cin ƙarfe. In bawul a buɗe yake, tarkace zai faɗa silinda, kuma gyaran ya fi wankin tsada nesa ba kusa ba.

Abubuwan da za a guje wa

Kar a zuba ruwa a hanyar iska mota na aiki. Ruwa ba ya matsuwa, in ya yi yawa zai lanƙwasa sandar fistin.
Kar a fesa magani mai kama wuta a bakin injin dizal yana aiki, zai iya tashi da gudu ya ƙi mutuwa ko an zare makulli. Direbobin manyan motocin da ke sauke shanu a Kara da Oko-Oba su riƙe wannan.
Kar a sa yashi ko samfefa a wurin bawul.
Masu injin wanke kabon da ake jona tiyo ba a kwance komai, ka ce su nuna maka bawul da ƙaramar kyamara kafin aiki da bayansa. Kabon da ya daskare da wuya ya fita ta haka.
In an ce matsalar daga salansa take sai an fasa an cire abin da makanikai ke kira indomi, tsaya tukuna. Shi ke tace hayaƙi, kuma yana da tsada a kasuwa, shi ya sa wasu ke kwaɗayinsa. Ka nemi ra'ayin makanike na biyu.

Rigakafi

Yi juye a kan lokaci da man da littafin motar ya ce. A irin gosulon nan makanikai da yawa suna cewa duk kilomita 5,000. Duba iyakilina a kowane sabis, musamman lokacin hunturu ko bayan tafiya gida Arewa. Canza PCV in ya toshe, ba shi da tsada. Lokaci-lokaci a ba mota doguwar hanya inji ya yi zafi sosai. In za ka sayi gasket ko feshi a Ladipo, Agodi Gate, Nkpor ko Ikoku, tafi da lambar shasi da tsohon kayan a hannu. Mai shirin sayen tokumbo kuma ya tambaya ko injin GDI ne kafin ya biya, don ya sa kuɗin wankin bawul cikin lissafi.

Mai tambaya ya faɗi sunan motarsa da shekararta. Allah ya tsare hanya.