Dala: Dutsen da Birni Ya Rungume

Daga Gumel zuwa Maigatari, ko ka yanka ta Gagarawa da Sule Tankarkar, idonka ba zai ci karo da wani tudu da ya cancanci a kira shi dutse ba. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, rairayi da gawo da kuka, sai gonakin gero da riɗi. Shi ya sa mutumin yankinmu da ya tsaya a gindin Dutsen Dala a Kano yakan ɗaga kai ya jinjina, ko da yake 'yan unguwar sun saba da shi har ba sa kallonsa.

Dala ba gagarumin tsauni ba ne. Ƙololuwarsa tana kimanin mita 534 daga bisa teku, amma daga gindinsa matakalar siminti ce za ta kai ka sama cikin 'yan mintuna, in dai gwiwa na da ƙarfi. Jikinsa jan marmara ne, kuma a cikin wannan marmara arzikin farko yake. Binciken masana kayan tarihi ya nuna ana narkar da tama a nan tun wajen ƙarni na 7. Maƙera ne suka fara ba wurin daraja, tun kafin a san sarauta. Wanda ke da ƙarfe yana da fartanya, yana da mashi.

Littafin Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya ce Barbushe ne babban mutanen Dala, shi ke kula da wurin bautar Tsumburbura, wanda aka kewaye da katanga, ba mai shiga sai shi. Yana zaune a kan dutsen, ba ya saukowa sai ranakun bikinsu, jama'a su taru a gindi da dabbobin yanka suna jiran abin da zai faɗa game da shekara. Sai Bagauda ya zo, wanda ake lissafin sarautarsa daga 999. Jikansa Gijimasu, da ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya aza harsashin ganuwa, ɗansa Tsaraki ya ƙarasa ta.

A nan ne abin da ya fi ɗaukar hankalina yake. A Faransa da Ingila da Jamus na wancan zamani, mai mulki kan hau kan tudu ya gina wa kansa gidan dutse mai hasumiya, manoma kuwa suna ƙasa, sai yaƙi ya taso su ruga neman mafaka. Kanawa ba su bi wannan hanya ba. Ba su ɗora fada a kan Dala ba. Sun ja katangar ƙasa mai faɗi ta haɗiye dutsen da gidaje da kududdufai da filayen noma, daga baya aka faɗaɗa ta har Gwauron Dutse ya shigo ciki. In abokan gaba sun yi wa gari zobe, akwai ruwa, akwai hatsi, akwai wurin da talakan ƙauye zai shigo da iyalinsa da awakinsa. Dutsen ya zama idon gari, daga samansa ake hango ƙurar mahaya tun suna nesa. Ko da Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya tashi gina gidan sarauta, a fili ya gina shi, kudu da dutsen.

Waɗanda suka dogara ga tudu kaɗai kuwa ba su ɗore ba. Mutanen Santolo sun daɗe suna gagarar Kano daga kan dutsensu, har zamanin Sarki Yaji, 1349 zuwa 1385, lokacin da Wangarawa suka iso daga Mali da Musulunci, aka ci su da yaƙi.

Gumel ma wannan dabara ta ganuwa ta riƙa, don ba ta da dutsen da za ta jingina da shi. Masarautar Mangawa ce da aka kafa wajen 1750, tana ƙarƙashin inuwar Borno, ba ta shiga daular Sakkwato ba. A 1845 aka dawo da hedikwatarta daga Tumbi, wadda yau take cikin Nijar, zuwa inda take yanzu, tsakanin Haɗeja da Kano da Damagaram, kowanne da haƙoransa. Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya hau Dala a Fabrairun 1851 ya zana hoton birnin daga sama, wata guda bayan nan ya sauka a Gumel kan hanyarsa ta Kukawa, ya tarar da gari mai cike da fatake da cinikin kanwa.

Wanda ya hau Dala, kada ya yi saurin komawa tasha. Ya sauko ya zaga gindin dutsen da ƙafa, ta lungunan da babur ke wucewa da ƙyar, inda almajirai ke zaune da allunansu a ƙofar zaure, dukawa na yankan fata, mai ƙosai na tsame na ƙarshe daga kasko. Daga nan ya gangara Kasuwar Kurmi ta gefen Jakara, ko ya nufi Ƙofar Mazugal da Ƙofar Ruwa ya ga abin da ya rage na ganuwa. In kuma ranar Takutaha ce, mako guda bayan Mauludi, zai tarar da dutsen ya cika maƙil da yara cikin sabbin kaya.

A wannan zagaye ne kuma ransa zai ɓaci. Zaizayar ruwa tana cin gefen dutsen kowace damina, gidaje sun matso har jikinsa, leda da shara sun toshe kwazazzabai. Ganuwar ma a wurare da yawa an kwashe ƙasarta an yi tubali, an gina shaguna a kan gurbinta. Abin da dutsen ke buƙata bai fi ƙarfin hukuma da masu unguwa ba: magudanar ruwa a gefensa, masu shara na dindindin, da hana sabon gini a gindinsa.