Sauya wa Furen Okid Tukunya: Nazarin Alaƙar Saiwa, Makwanci da Girman Mazubi

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda ake sauya tukunya ga okid na jinsin Phalaenopsis, wanda shi aka fi sayarwa a matsayin furen cikin gida. An bi ta kan ƙirar saiwarsa da yadda ruwa ke zama a cikin mazubi, sannan aka auna nau'o'in tukwane da wannan ma'auni. Nazarin ya nuna cewa rayuwar tsiron ta rataya ne a kan saurin bushewar makwancin saiwarsa, kuma girman tukunya ya fi abin da aka ƙera ta da shi tasiri a kan wannan sauri. An kuma duba abin da iskar hunturu ke sauyawa a lissafin.

1. Gabatarwa

Dangin okid, wato Orchidaceae, na da nau'o'i kimanin 28,000, kuma mafi yawansu ba a ƙasa suke tsirowa ba. A kan rassan itatuwa suke maƙalewa, sai dai ba sa tsotsar komai daga jikin itacen kamar yadda kauci ke yi. Wurin zama kawai suke ara. Phalaenopsis, wanda Carl Ludwig Blume ya raɗa wa suna a 1825, ɗan kudu maso gabashin Asiya ne, daga Filifin da Indonesiya da Taiwan har arewacin Ostireliya.

A da, furen masu hannu da shuni ne. Abubuwa biyu suka karya farashinsa. A 1922 Lewis Knudson na Jami'ar Cornell a Amurka ya nuna cewa irin okid zai tsira a cikin kwalba a kan abinci mai sukari, sannan a 1960 Georges Morel na Faransa ya bayyana dabarar ninka tsiro daga ɗan ƙanƙanin kan toho. Yau Taiwan da Holand na fitar da miliyoyinsa, kuma tun 2004 Amurka ta yarda a shigo mata da shi daga Taiwan yana cikin makwancinsa. Saboda haka tsiron yakan iso hannun mai saye a cushe cikin gansakuka, wadda aka zaɓa domin sauƙin reno a gona da jure doguwar tafiya. Mai saye kuwa sai ya riƙa ba shi ruwa kamar sauran furannin gida, ko ya tausaya masa ya mayar da shi babbar tukunya da ƙasar lambu. Daga nan ruɓewa ke farawa.

2. Ƙirar saiwa

Saiwar Phalaenopsis kauri gare ta, kuma a lulluɓe take da wani ɓawo na matattun ƙwayoyin halitta da ake kira felamen. Aikinsa shi ne ya zuƙe ruwan sama cikin daƙiƙoƙi, ya riƙe shi har cikin saiwar ya sha, sannan ya bushe iska ta shiga. Idan ya jiƙe, koren da ke ƙarƙashinsa yakan bayyana. Idan ya bushe sai ya koma fari-fari kamar azurfa. Wannan koren na nufin saiwar ma tana haɗa abinci da haske, kamar ganye.

Ganyen kuma yana buɗe ƙofofin numfashinsa ne da dare, ya rufe su da rana don tattalin ruwa. Tsiro mai wannan hali ya fi jure ƙishi fiye da jure jiƙa. Idan felamen ya kwana ya wuni a jiƙe na tsawon kwanaki, iska ba ta isa cikin saiwar, sai ta mutu ta yi laushi. Abin da ke rikita sabon mai reno shi ne alamar da ke biyo baya: ganye ya yi yaushi ya tattare, domin babu saiwar da za ta kai masa ruwa. Sai a ɗauka ƙishi ne, a ƙara ruwa.

3. Zaman ruwa a cikin mazubi

Bayan an zuba ruwa ya tsiyaye, akwai wani kaso da ke tsayawa a gindin kowace tukunya, ko da tana da huji. Tsawon wannan jiƙaƙƙen sashe ya dogara ne da girman ɓarɓashin makwancin: ƙanana sun fi riƙe shi, manya sun fi sakinsa. Shi ya sa jera tsakuwa a gindi, wanda mutane da yawa ke yi da kyakkyawar niyya, ba ya rage shi. Ɗaga shi sama kawai yake yi, kusa da saiwa. Shi ya sa kuma makwancin ɓawon itace da ya yi kyau a shekarar farko yake zama haɗari a ta uku, domin ya ruɓe ya zama gari.

Lissafin girma ya fi wannan bayyana. A kasuwannin Turai an fi sayar da Phalaenopsis a tukunya mai faɗin santimita 12. Idan aka mayar da shi mai faɗin santimita 15 da irin wannan siffa, abin da take ɗauka ya kusa ninkawa biyu. Mai santimita 18 kuwa ya haura ninki uku. A ido ƙarin kaɗan ne, amma saiwar da za ta shanye ruwan ba ta ƙaru ba, kuma fuskar da ruwa ke ƙafewa ta kanta ba ta ƙaru daidai da cikin ba. Tsakiyar tukunyar sai ta zauna a jiƙe alhali samanta ya bushe ƙamas. Don haka da dunƙulen saiwa ake auna tukunya, ba da faɗin ganye ba. Ƙarin santimita 2 ya isa, kuma idan an yanke ruɓaɓɓun saiwoyi da yawa, tsohuwar tukunyar ko ma wadda ba ta kai ta ba ita ce daidai.

4. Nau'o'in tukwane

Tukunyar roba mai nuna abin da ke cikinta tana da fa'idar da babu wata mai ita: mai reno yana ganin launin saiwa da raɓar da ke jikin bango, sai ya daina ba da ruwa bisa kirdadon kwanaki. Saiwa ba ta manne mata sosai, kuma ana iya ƙara mata huji a gefe da ƙusa mai zafi. Aibinta rashin nauyi, iska ko nauyin fure kan kifar da ita.

Tukunyar yumɓu da ba a shafe ta ba tana fitar da ruwa ta jikinta, ta sanyaya abin da ke ciki, yadda randa ke yi wa ruwan sha. Wannan alheri ne a wuri mai zafi da laima, kuma ga mai saurin hannu wajen ba da ruwa. Amma saiwa na kama jikinta ƙam, ta yadda sau da yawa sai an fasa ta kafin a cire tsiron lafiya, gishirin ruwa da na taki kuma yana taruwa a bangonta. Tangaran mai ƙyalli marar huji ba mazaunin okid ba ne. Iyakarsa a saka tukunyar roba a ciki don ado, a riƙa zubar da ruwan da ya taru. Kwandon katako, irin wanda ake rataye okid na jinsin Vanda a ciki a Tailan, yana bukatar laima mai yawa da feshi kusan kullum.

5. Lokaci da hanyar sauyawa

Ana sauyawa duk bayan shekara ɗaya zuwa biyu, bayan fure ya zube, musamman idan sababbin saiwoyi masu koren baki sun fara leƙowa. Saiwoyin da suka fito waje suna lilo ba dalilin sauyawa ba ne, kuma ba a yanke su. Dalilai na gaskiya su ne rugujewar makwanci, warin ruɓa, ko saiwa ta cika tukunya har ta ɗaga tsiron.

A jiƙa sabon ɓawon itace ya kwana cikin ruwa, a kuma jiƙa saiwar na 'yan mintoci don ta lanƙwasu ba tare da karyewa ba. A cire tsohon makwanci duka, har da curin gansakukar da kan ɓuya a ƙarƙashin gindin tsiron. A matsa kowace saiwa da yatsu: mai tauri rayayya ce ko da launinta rawaya ne, mai laushi ko holoƙo kuwa a yanke ta. Tilas a ƙona bakin almakashi da wuta, ko a yi amfani da sabuwar reza ga kowane tsiro, domin manyan cututtukan bairos biyu na okid ta kayan yanka suke yaɗuwa, kuma ba su da magani. A sa gindin ganye na ƙasa ya yi daidai da saman makwanci, a zuba ɓawo ana bubbuga tukunyar ba tare da dannawa ba. A jinkirta ruwa na 'yan kwanaki raunuka su bushe, taki kuma sai bayan makonni. Kada ruwa ya kwana a tsakiyar ganye.

6. Yanayin hunturu da matsayar maƙalar

Yawancin shawarwarin da ke yawo an tsara su ne don ɗakunan ƙasashe masu sanyi. A Kano ko Damagaram, laimar iska kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari da ranar hunturu, zallan ɓawo a tukunyar yumɓu kuma ba zai riƙe danshi ba. Da damina abin ya juya. Zafin bazara ma matsala ce ta daban, domin Phalaenopsis ba ya fitar da karan fure idan zafi ya dawwama sama da digiri 28, abin da ya sa Jos ta fi dacewa da shi. Mai son okid da ya saba da rani yana iya duba Ansellia africana, wanda ke tsirowa a kan itatuwa a Nijeriya da sauran sassan Afirka.

Matsayar wannan maƙala ita ce kada a magance bushewar hunturu da ƙara girman tukunya, domin damina za ta zo ta tarar da ita. A makwanci ake gyara: a cuɗa ɓawo da ɗan gansakuka ko gutsattsarin ɓawon kwakwa da aka jiƙa aka wanke sau da yawa don fitar da gishirinsa, da gawayi kaɗan, a kuma fifita ruwan sama a kan na burtsatse inda ya samu. Ga wanda ya fara reno, tukunyar roba mai nuna ciki, mai yawan huji, wadda ta ɗan matse saiwa, ita ce zaɓin da ya fi aminci.